Kayan Wasan Jarirai Na Haɗin Gida

Kayan wasan jariri shi ne duk abin da aka miƙa masa, ko aka ajiye kusa da shi, don ya kalla, ya saurara, ya taɓa, ya shinshina ko ya kai baki. Hausa ta kasa hanyoyin sanin duniya gida biyu, gani da ji. Da ido ake gani, sauran kuwa duk ji ne: a ji sauti, a ji ƙanshi, a ji ɗanɗano, a ji laushi ko kaushi, a ji sanyi ko zafi. Jariri yana zuwa duniya da waɗannan ƙofofi duka, sai dai ba lokaci ɗaya suke gama buɗewa ba. Kunne ya riga ido, domin tun a ciki ɗan tayi yana jin muryar uwarsa, kuma yana bambanta ta da ta wasu mata a kwanakin farko bayan haihuwa. Ido kuwa sai a hankali yake washewa. Ƙwaƙwalwar jariri ranar haihuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ta babba ba, kafin ya shekara ta ninka, kuma abin da yake gani da abin da yake ji yana cikin abin da ke gina ta.

Amfanin kayan wasa na haɗin gida ya samu shaida mai ƙarfi daga ƙasar Jamaika. Daga shekarar 1986, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun bi diddigin yara 129 a birnin Kingston, masu wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu an riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, tana bar musu kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida kamar robobi da kwalaye da ƙyallaye. Bayan kimanin shekara 20 aka sake nemo su. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Kayan ba su da tsada ko kaɗan. Abin da ya yi aiki shi ne ana zaɓen su daidai da watannin yaro, kuma akwai babba a zaune tare da shi yana magana.

Kafin a ɗauki almakashi ko allura, akwai awo guda da ya hau kan duk mai haɗa kayan wasa. Kayan kanti na kirki an gwada su a masana'anta, na gida kuwa mai haɗawa shi ne mai gwadawa. A Amurka, ana auna ƙananan abubuwa da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3.17, kuma duk abin da ya shige ciki ba a yarda a sayar da shi don yaron da bai kai shekara 3 ba. Abu mai siffar ƙwallo awonsa ya fi haka, kusan santimita 4 da rabi, saboda abu mulmulalle ya fi saurin toshe maƙogwaro. A gida, hanya mafi sauƙi ita ce a samu kwali a yanke rami mai faɗin santimita 4 da rabi, a rataye shi a ƙusa. Abin da ya wuce ta ramin nan ba na jariri ba ne: murfin robar ruwa, maɓalli, wuri, tsakiya, gyaɗa, ƙwallon dabino, kwabo. Zare ko igiya da ke jikin kayan wasa kada tsawonta ya wuce santimita 20, wato kimanin tsawon hannun babba daga wuyan hannu zuwa kan doguwar yatsa, don kada ta isa zagaye wuya.

A watanni 2 zuwa 3 na farko, kayan wasa na ido ne da kunne, domin hannu bai fara aiki da niyya ba. Jinjiri yana damƙe yatsan da aka sa masa a tafi, amma wannan damƙa ce ta halitta, ba shi ya ƙudurta ba. Idonsa ya fi gani a tazarar santimita 20 zuwa 30, daidai nisan da ke tsakanin fuskarsa da ta uwarsa lokacin shan nono. Launuka masu sanyi ba sa fita masa sosai, baƙi da fari ne suke ɗaukar idonsa. Wani masani ɗan Amurka, Robert Fantz, ya nuna a farkon shekarun 1960 cewa jarirai sun fi daɗewa suna kallon abu mai zane a kan abu fili, kuma zanen fuska yana riƙe su ƙwarai. Don haka kayan wasa na farko takarda ce fara da aka manna a kwali mai faɗin faifai, aka zana mata layuka masu kauri da baƙar tawada, ko da'ira cikin da'ira, ko fuska mai ido biyu da baki. Gawayi bai dace ba saboda yana zuba. Inda babu takarda, saƙi mai ratsin baƙi da fari ko faifai mai ado ya wadatar. A riƙe shi a gaban jariri, a jira idonsa ya tsaya a kai, sannan a matsar da shi sannu a hankali zuwa dama, a dawo hagu. Minti 2 ko 3 sun isa. In ya kau da kai, ko ya yi hamma, ko ya fara ƙananan kuka, ya ƙoshi ke nan.

Ana iya rataye 'yan ƙyallaye masu launi a jikin sanda a sama da inda ake kwantar da shi da rana, iska tana kaɗa su. Sharaɗin shi ne hannunsa ba zai kai ba, kuma a sauke su da ya kai wata 5 ko ya fara yunƙurin ɗagowa da hannu da gwiwa. Wurin barci kuwa ba a barin kome a ciki, ko 'yar tsana ko filo ko ƙyalle. Jariri rigingine yake barci, cikin gidan sauro, a shimfiɗa mara lotsawa.

Daga wata 3 zuwa 6 hannu yake farkawa. Da fari sai ya riƙa kai wa abu duka yana kuskure, can wajen wata 4 ya fara cafkewa, abin da ya cafka kuma baki ya nufa. Wannan ne lokacin caki, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin caki ƙananan abubuwa ne a rufe cikin babban abu, lafiyarsa duka tana ga rufin. Ɗan duma mai kaurin wuya shi ne na gargajiya. A zaɓi wanda ya bushe sarai, mara tsagu, a huda ƙaramar ƙofa, a ƙwaƙule cikin, a wanke, a shanya kwana 2 ko 3 har ɗacin da damshin su fita. Sannan a zuba cokali ɗaya na gero ko shinkafa, a toshe ƙofar da itace mai matsewa, a liƙe da gam, a saka shi cikin safa mai tsabta ko jakar ƙyalle, a ɗinke bakin sau biyu. Ɗinkin nan na waje shi ne kariya ta biyu: ko duman ya fashe, ƙwayar ba za ta fito ba. Ƙaramar robar ruwa ma tana yin wannan aiki in an bi da ita haka.

Abin da aka zuba ciki shi ke ba da murya. Gero yana yin shuu kamar yayyafi a kan rufin kwano, shinkafa ta fi shi kaifi, masara da wake suna ƙwas-ƙwas. Caki biyu masu murya daban sun fi guda biyar masu murya ɗaya, saboda bambancin ne kunne yake koyo. Mai haɗawa ya fara kaɗa shi kusa da kunnensa. In ya dame shi, to ya yi wa jariri yawa, a rage ƙwayar ko a ƙara naɗin ƙyalle. Wake da masara na kasuwa sau da yawa an zuba musu maganin ƙwari don ajiya, saboda haka a wanke su, a shanya su bushe ƙayau kafin a rufe. Akwai kuma 'ya'yan itatuwa da kyansu ke ruɗin mutane alhali guba ne. Idon zakara, mai ja da ɗigon baƙi, ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya kisa. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu da na zaƙami su ma guba ne. Ba a sa su a caki ko da an rufe. Robar da ta taɓa ɗaukar kalanzir, fetur, fiya-fiya ko maganin feshi ba ta wankuwa har ta zama ta yaro, a jefar da ita.

Caki yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. In an kaɗa shi a gefe, inda jariri ba ya ganinsa, ana sa ran wajen wata 4 zuwa 6 ya juya ido ko kai ya nemi sautin. Yaron da ya kai wata 6 bai taɓa juyowa ba, ko wanda ya kai wata 3 idonsa ba ya bin abu, a kai shi asibiti a duba. Matsalar ji da aka gano da wuri ta fi sauƙin taimako, musamman wajen koyon magana.

Kayan wasa na taɓawa kuwa, shagon tela ya ishi kowa. Guntayen yadin da ake sharewa da yamma sun ƙunshi duk abin da ake bukata: santsin shadda, laushin auduga, kaurin gwado, gashin tawul, kaushin buhun algarara. A yanka su murabba'i kamar faɗin tafin hannu biyu, a kalmashe bakin kowanne don kada zare ya zazzago, a jera 4 ko 5, a ɗinke gefe ɗaya, ya zama littafin ƙyalle. Kowane shafi da irin jinsa. In ana son shafi mai ƙara, a wanke takardar biskit mai ƙyalli, a sa ta tsakanin ƙyalle biyu masu kauri, a ɗinke ta ko'ina har babu inda za ta leƙo. Leshi mai duwatsu da yadi mai ƙyalƙyali ba sa shiga, domin adonsu yana ɓamɓaruwa. Rini ma a gwada shi: a jiƙa ƙyallen, a goga a farin yadi, in ya bar launi to zai bar shi a bakin yaro. Shuni musamman ya shahara da zuba. Haka nan ana naɗa tsohon zane mai tsabta kamar gammo, ƙarami daidai damƙar jariri, a ɗinke shi tamau. Zobe irin wannan yana da sauƙin riƙewa da hannu biyu, ga daɗin cizo.

Waɗannan kaya sun fi amfani in an kwantar da jariri rubda ciki a tabarma yana farke, aka ajiye su a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ba da shawarar a tara wa jaririn da bai fara rarrafe ba aƙalla minti 30 na irin wannan kwanciya a yini, a rarrabe, ba a zama ɗaya ba. Kwanciyar tana ƙarfafa wuya da kafaɗa. A cikin ƙa'idojin ne kuma ta ce yaron da bai shekara ba kada a ba shi kallon waya ko talabijin. Goyo, wanda iyaye mata ke yi ba tare da sun ɗauke shi wani darasi ba, yana ba jariri jin motsi da daidaituwar jiki, amma ba ya maye gurbin tabarma, domin a baya hannuwansa a matse suke.

Wajen wata 6 yaro ya fara zama, yana sauya abu daga hannu zuwa hannu, haƙori kuma yana ƙaiƙayin dasashi. Wata ƙwararriya a renon yara 'yar Ingila, Elinor Goldschmied, ta yi suna da dabarar kwandon taska: a cika ɗan kwando mara zurfi da kayan gida na gaske, na itace da ƙarfe da fata da ƙyalle, a ajiye gefen yaro mai zama, babba ya zauna kusa ya yi shiru, yaro ya zaɓa da kansa. Hujjarta ita ce kayan roba, kome yawan launinsu, kusan ɗaya suke a hannu da baki. Ɗakin girkin Bahaushiya cike yake da abin da ta nema. Ga murfin samira mai sanyi da ƙara, ga mara mai sauƙin nauyi, ga ƙaramar ƙwarya, ga lemon zaƙi mai ƙanshi da nauyi, ga ƙaramin faifai, ga sabon soso da aka zazzage 'ya'yansa aka wanke. Yaro zai ɗauki murfi ya lasa, ya juya shi, ya buga a tabarma, ya yar, ya ɗauki lemo ya tsaya yana kallonsa kamar mai ciniki. Abu 6 zuwa 10 sun isa, a riƙa sauya biyu ko uku duk bayan 'yan kwanaki. Ludayi da muciya da maburgi suna da dogon hannu siriri da zai iya kaiwa maƙogwaro in yaro ya kife a kai, don haka ko dai a bar su, ko a zaɓi cokalin itace gajere mai kaurin gindi. Itace kuma ya zama mara fenti, an goge shi sumul babu sartse. Gwangwanin madara ko na tumatir bakinsa reza ne, ba ya shiga kwando.

Don ƙaiƙayin dasashi, ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sha mai sanyi aka matse ya wadatar. Ba a shafa wa abin cizo zuma, domin zuma tana da haɗari ga yaron da bai shekara ba. Zawon da ake ɗora wa haƙori sau da yawa daga ƙazantar abin da yaro ke kaiwa baki yake a wannan lokaci, shi ya sa wankin kayan wasa ya zama wajibi.

Robar kallo tana burge yara masu wata 6 zuwa sama. A samu robar ruwan sha mai haske, a cire takardar jikinta, a zuba ruwa ya wuce rabi, a ƙara man gyaɗa cokali 3 ko 4, a jefa guntayen ƙyalle masu launi. In an juya ta, man yana fashewa ƙwallo-ƙwallo yana hawa sama a hankali, ƙyallayen suna iyo. Rauninta murfi ne, wanda shi kansa yana wucewa ta ramin awo. A shafa gam a cikinsa, a murɗa shi iya ƙarfi, a naɗe da salatif mai ƙarfi, a kuma gwada murɗawa duk ranar da za a bayar. Ba a barin ta a rana, kuma in ruwan ya fara gurɓata a yar da ita a yi sabuwa.

Tsakanin wata 8 da shekara, wasa yana komawa na dabara. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya bayyana yadda yaro a wannan tsakani yake fara neman abin da aka ɓoye masa, alamar ya gane cewa abu yana nan ko ba a ganinsa. Ƙwarya da caki sun isa gwada wannan: a kife ƙwarya a kan caki yana kallo, da fari a bar gefensa a waje, daga baya a rufe duka. In ya ɗaga ya gani, a yi murna tare da shi, a ambaci sunan abin. Ƙwaryar nan in an kife ta ita ce gangarsa ta farko, yana dukanta da tafi kamar yadda mata ke kiɗan ƙwarya. Yana son zubawa da kwashewa, saboda haka kwali mai rami a sama da 'yan ƙwallayen ƙyalle da suka fi ramin awo girma za su riƙe shi lokaci mai tsawo. Yawan yar da abu ƙasa yana jiran a ɗauko masa, wanda kan gajiyar da manya, ba rashin ji ba ne, gwaji yake yi ya ga ko abin zai sake faɗuwa da irin ƙarar ɗazu. A wannan lokaci ne kuma yake koyon tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya, ga rarrafe, don haka sharar tsakar gida ta zama rabin tsaro. Yayyen da ake bar wa ƙani su ma a nuna musu ramin awo, domin su ne kan miƙa masa alewa, balan-balan ko murfin kwalba da kyakkyawar niyya.

Hanci ba ya bukatar kaya da yawa. Ɓawon lemo ko ganyen na'a-na'a da babba ya riƙe ya kusantar ya isa. Yaji, turare da man shafawa mai zafi ba nasa ba ne. Kafur da ake jefawa cikin akwatin tufafi yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini ya jawo shawara ga jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, don haka ba a ajiye kayan wasan ƙyalle tare da shi. Wasa da ruwa kuwa sai babba yana riƙe da yaro, domin ruwa ɗan kaɗan a baho ko bokiti ya isa jariri ya nutse, kuma ba tare da wata ƙara ba.

Dalma guba ce da ba ta da wari ko ɗanɗanon da zai sa yaro ya tofar. Annobar dalmar da aka gano a jihar Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ta bi ta ƙurar da yara ke kwasa a hannu su kai baki. Tsohon fenti, batirin mota da wasu nau'o'in kwalli ma suna ɗauke da dalma, saboda haka tandun kwalli da katako mai fenti ba kayan wasa ba ne, kuma a shimfiɗa tabarma maimakon a zaunar da yaro a turɓaya.

Kayan ƙyalle a wanke su da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Na duma da na itace a goge da ƙyalle mai damshi a bar su su bushe, domin in sun jiƙa fumfuna na kama su, ƙwayar ciki kuma ta ruɓe. Kullum kafin a miƙa, a ja ɗinki, a murɗa murfi, a bi jikin da yatsa a ji ko akwai tsagu. Wanda ya fara lalacewa a fitar da shi daga gidan.

In duk da haka abu ya sarƙe jaririn da bai shekara ba, muddin yana tari da ƙarfi ko yana kuka a bar shi ya yi tarin, ana lura da shi. In ya kasa kuka da numfashi, a kifa shi a kan hannu, kansa ya fi ƙirjinsa yin ƙasa, ana tallafe da haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fito ba a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, a ci gaba da sauyawa ana neman taimako. Ba a zura yatsa a laluba abin da ba a gani, don yana ƙara tura shi ciki. Ƙaramin batiri mai kama da maɓalli, irin na agogo da na wasu 'yan fitilu, yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa 2, kuma maganaɗisu biyu da aka haɗiye suna iya manne hanji su huda shi. In ana zaton yaro ya haɗiyi ɗaya daga cikinsu, a wuce asibiti nan take ko da yana wasansa lafiya, ba tare da an sa shi amai ba.